Tab mai Windows: ta fitar da ni kunya ranar sakamako, amma a hannu ta gajiyar da ni

Tun da abokan aiki suka ga tawa suke tambayata ko su ma su sayi tab mai ɗauke da Windows maimakon iPad ko ta Android. Amsar da nake ba su a makon farko daban, wadda nake ba su yanzu daban. Tawa tokumbo ce, irin wadda kibod ɗinta ke manne da maganaɗisu, a cire a mayar, da 'yar ƙafa a baya da ake jingine ta a kai. Injin Intel i5 ne a cikinta, RAM 8, fuskarta ta ɗan haura inci 12. Kuɗinta kuwa duk wanda ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kwanan nan ya sani. Ni ke riƙe da lissafin kuɗi da sakamakon jarrabawa a wata makarantar kuɗi, don haka abin da na nema shi ne na'ura ɗaya da zan jefa a jaka, in yi aikin ofis da ita da rana, in yi karatu da kallo da ita da dare.

Ranar da ta shiga raina ita ce jajiberin raba sakamakon zango na uku. Makin yaranmu gaba ɗaya yana cikin fayil ɗaya na Excel wanda wani tsohon malamin kwamfuta ya gina mana shekarun baya. Akwai wani maɓalli a saman shafin farko, da ka danna shi sai ya tattara makin gwaji da na jarrabawa, ya fitar da jimla da matsakaici, ya jera na ɗaya har na ƙarshe a kowane aji, sannan ya shimfiɗa katin kowane yaro a shafinsa. Masu harkar suna ce wa wannan makiro. Da la'asar ɗin nan aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar teburin ofis ta yi wata ƙara, ƙauri ya tashi, shi ke nan. Allah ya taimake mu akwai kwafin fayil ɗin a filash, amma ba a danna maɓallin ba tukuna, domin makin aji biyu bai shigo ba sai da azahar.

Hajiya mai makarantar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, yanzu ya za mu yi? An riga an gaya wa iyaye gobe ƙarfe goma." 'Yarta ta ce a kwantar da hankali, ta je mota ta ɗauko tab ɗinta, sabuwa fil, mai tsada, wadda ta ninka tawa kuɗi. Aka tura mata fayil ɗin, ya buɗe tsaf, ga sunaye ga maki, fuskar kuwa sai sheƙi take yi. Ta danna maɓallin, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Ba lalacewa ta yi ba: Excel ɗin da ake sa wa waya da tab, ko ta Android ce ko iPad, ba ya tayar da makiro ko kaɗan. Zai nuna maka abin da ke ciki, ka gyara lamba, ka yi lissafi, amma wannan aikin ba nasa ba ne. Ga kuma firintarmu, tsohuwa ce mai igiya, irin mai kai mai kusurwa huɗu, ba ta san Wi-Fi ba balle a tura mata aiki ta iska. Malamai suka fara maganar a kwana ana lissafi da kalkuleta ana cike kati da biro, yara ɗaruruwa.

Na ciro tawa daga jaka, ban ma sa rai sosai ba, don har lokacin ban taɓa ɗora mata aiki mai nauyi ba. Na soka filash a ramin da ke gefenta, na kwafe fayil ɗin, na buɗe. Wani layi rawaya ya fito a sama yana neman izini, na ba shi, na danna maɓallin. Sai ga lambobi suna cika gurabensu aji bayan aji, daidai yadda suke yi a kwamfutar da ta ƙone. Rami ɗaya tak gare ta, don haka na zare filash na soka igiyar firinta. Ta nemi direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firinta. Faifan da ya zo da firintar yana cikin durowa amma babu inda za a zura shi, sai na kunna mata intanet daga wayata na sauko da direban daga shafin kamfanin. Maigadi ya tayar da janareta. Takardar farko ta fito da ɗuminta, sunan yaro, makinsa, matsayinsa, gurbin sa hannun malamin aji, komai a inda ya saba zama. Har bayan isha'i ana bugawa malamai suna sa hannu, ita kuma tana jingine a kan ƙafarta a gefen tebur ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Da za mu tashi Hajiya ta ce, "Malam, Allah ya yi maka albarka, ka fitar da mu kunya." Ni kuma a zuciyata na san wadda ta fitar da mu.

A wannan makon duk wanda ya tambaye ni cewa nake yi kada ya ɓata kuɗinsa a kan wata tab, ya nemi irin wannan. Har yau ban janye rabin maganar ba. Duk abin da kwamfuta ke yi tana yi: cikakken Word, cikakken Excel, manhajojin da ba su da 'yan uwa a waya, filash, tsohuwar firinta, jakunkunan fayil da kake gani da idonka ka san inda ka ajiye kaya.

Sai aka yi hutu, na cire kibod na fara riƙe ta a hannu kamar yadda ake riƙe tab, nan ne gwiwata ta fara sanyi.

Nauyi dai da farko. Ka kishingiɗa da ita kana karatu, kafin ka gama shafuka kaɗan wuyan hannunka ya fara ƙorafi, bayanta kuma ta wajen sama ya ɗauki ɗumi, wata 'yar fanka a ciki tana huci. A watan Afrilu, ɗaki ba wuta, wannan ɗumin ba abin wasa ba ne. Sannan yatsa. Manhajojin nan da suka cece ni, don linzamin kwamfuta, wato maus, aka zana su. Ka kai yatsa za ka rufe shafi ɗaya a burauza sai ka rufe na kusa da shi. Ka so ja gefen layi a Excel ka faɗaɗa shi, sai ka zaɓe layin gaba ɗaya. Kibod ɗin da ke fitowa a fuska wani lokaci ya fito da kansa, wani lokaci sai ka nemo shi, in ya fito kuma ya rufe gurbin da kake rubutu a ciki. Yarinyata 'yar shekara shida, wadda ke sarrafa wayar mahaifiyarta ba tare da an koya mata ba, ta ɗan taɓa ta ta ajiye, ta ce, "Baba, wannan ba ta jin magana."

Manhajoji ma haka. Ta bankina babu, sai dai in shiga ta burauza. Manhajar Alƙur'ani da na saba da ita, mai alamar inda na tsaya da ƙira'ar da nake bi, babu irinta. An taɓa buɗe hanyar sa manhajojin Android a Windows 11 ta kantin Amazon, amma an rufe ta a watan Maris na 2025. Ba ta da gurbin layin waya, kullum sai na jona ta da wayata, kuma da yake an gina tsarin ne da tunanin ofis mai intanet ba iyaka, idan ba ka shiga saiti ka gaya mata cewa datar nan a ƙirge take ba, sabuntawa za ta hau saukewa a ɓoye, ka duba ka ga gigabait ya tafi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne batir. An gayyace mu wani taron horarwa a Zariya, na cika ta da caji tun dare, da safe na rufe murfin na sa a jaka. Da na isa zauren na zuge jakar, zafi ne ya fara tarar hannuna, kamar an ajiye ta a rana. Na danna, ba ta ko motsa ba. Soket ɗin da ke zauren kaɗan ne, an riga an cike su. Wadda ke zaune kusa da ni ta buɗe 'yar tab ɗinta ta Android, mai araha, ta ce tun shekaranjiya rabonta da caji, ta yi rubutu da ita har aka tashi. Ni da na zo da kwamfuta sukutum, da biro da takardar aro na ƙare. Mai gyara ya bayyana mini cewa irin wannan barcin da take yi idan an rufe murfi ba cikakken barci ba ne, tana nan a farke ƙasa-ƙasa, kuma wani abu ƙarami yana iya tayar da ita ta yi ta aiki a cikin jaka. Ya kuma duba ya ce batir ɗin ya riga ya ci fiye da rabin ransa, alhali wanda ya sayar mini rantsuwa ya yi cewa garau yake. Canza shi kuma sai an ɓamɓare gilashin fuskar da aka manne da gam, ya ce ba zai ɗauki alhaki ba idan ya tsage. Wannan rantsuwar har yanzu tana ci mini rai.

Ko da batir sabo ne, matsalar daga tushe take. Tab mai tsarin waya, irin iPad da ta Android, an gina ta ne a kan injin ARM mai cin wuta kaɗan, tsarinta kuma yana daskarar da duk manhajar da ba ka kallo. Shi ya sa iPad ta farko a 2010 ta zo da alƙawarin awa 10. Tsarin kwamfuta kuwa yana barin komai ya yi ta gudu a bayan fage, kuma wannan 'yancin ne ya sa makiro da direban firinta suka yi aiki a daren nan. Abin da ya sa na so ta shi ne abin da ke cinye mata batir. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma masu ƙera su sun daɗe suna gwadawa. A 2012 Microsoft ya fitar da Surface RT a kan ARM, siririya mai riƙe caji, amma ba ta karɓar manhajojin kwamfuta da mutane suka saba da su, aka ƙi saye, har kamfanin ya rubuta asarar kusan dala miliyan 900 a kanta a 2013. Surface Pro mai Intel da ta biyo baya ita ce ta rayu, kuma masu sayenta kwamfuta suke nema. A 2024 an sake komawa ARM da injin Snapdragon X, waɗannan suna riƙe caji sosai, suna kuma iya tafiyar da yawancin tsofaffin manhajoji ta hanyar kwaikwayo. Sai dai direba ba ya bin wannan hanyar, dole sai an rubuta shi musamman don ARM. Wato mai tsohuwar firinta irin tamu sai ya bincika da kyau kafin ya saya, in ba haka ba ya samu batir ya rasa abin da ya kawo shi.

Ɗaya ɓangaren ma, wato masu iPad da Android, suna matsowa. A 2021 iPad Pro ta samu M1, injin da ke cikin laftof ɗin MacBook a lokacin, Samsung na da DeX da ke mayar da fuskar tab kamar ta kwamfuta, a 2025 kuma iPad ta samu tagogi da ake ja ana faɗaɗawa. Duk da haka ƙarfin inji bai sa maɓallin fayil ɗinmu ya motsa ba, domin ba ƙarfi ne ya hana shi ba.

Don haka idan ana maganar gasa, ni a wurina ba ta yi nasara ba. A matsayin tab, wadda ta kai rabin kuɗinta ma ta fi ta daɗin riƙo, ta fi ta batir, ta fi ta biyayya ga yatsa. Ɗalibi mai karanta littattafai da kallon darasi, ko uwa mai nema wa yara abin koyo, ko ɗan kasuwa mai harka da WhatsApp da manhajar banki, kada ya kusance ta. Wanda kuma abincinsa ke cikin wani fayil ko wata manhaja da sai Windows, kamar ni, zai same ta 'yar kwamfuta mai sauƙin ɗauka, amma ya sani da caja zai riƙa yawo, kibod ɗin kuma zai zauna a manne kusan kullum. A kan cinya ma laftof ta gaske ta fi ta zama daram, don ƙafar nan ta baya tana nutsewa a gwiwa.

Mai niyyar sayen tokumbo ya kula da abu biyu kafin ya miƙa kuɗi. An daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama, alhali da yawa daga cikin masu arahar da ke jere a shaguna zubi na 6 ne ko na 7. Sannan kada ya karɓi rantsuwa a kan batir. Ya sa mai shagon ya buɗe baƙin allon umarni, wato Command Prompt, a gabansa ya rubuta powercfg /batteryreport, rahoton da zai fito yana nuna ƙarfin da batir ya zo da shi daga masana'anta da wanda ya rage masa yanzu. Idan mai shagon ya fara kame-kame, ya wuce shago na gaba.