Son maso wani a dogon hutu: ra'ayina kan littafin

Masu tambayata ko littafin nan na yarinyar da ta je hutu Fagge ya cancanci kuɗinsa, amsata eh ya cancanta, amma in kina neman irin wanda za a ƙare da biki da lefe akwati goma sha biyu to ki riƙe kuɗinki.

Labarin kansa ba wani mai faɗi ba ne. Yarinya 'yar SS2 an kai ta gidan goggonta ta yi dogon hutu, a gidan akwai wani ɗan maƙwabta ɗalibin Jami'ar Bayero (BUK) da yake zuwa yi wa yara lesin da yamma, shi ke nan zuciya ta kamu. Shi kuma bawan Allah ƙanwata kawai yake ce mata, har ma ya mai da ita 'yar aike wajen Antinta da yake so, ita ke kai saƙo ita ke dawo da amsa, wani lokacin ma wayarta ake ara don tasa ba caji. Wallahi wurin nan ya taɓa ni, don marubuciyar ba ta sa ta faɗuwa sumammiya an kwashe ta sai asibiti kamar yadda muka saba gani ba, a'a, yarinyar dariya take yi tana kai saƙon, in ta dawo ta shige ɗaki ta kasa cin tuwo, goggo na ta faɗan wai maleriya ce a kawo magani.

Abin da ya fi burge ni shi ne Kanon da ke cikin littafin Kanonmu ce. Dogon hutu a nan damina ce, ruwan Agusta, kwata ta cika ta malalo lungu, 'yan adaidaita sun ƙara kuɗi, ƙamshin gasasshiyar masara a bakin titi, islamiyya ba hutu. Ranar da aka kwashi yara zuwa Gidan Zoo tana ta jira ya ce mata ta yi kyau shi kuwa hankalinsa na kan Anti, babin nan kaɗai ya isa. Tun shekarun 1980 ake rubuta littattafan soyayya a garin nan amma da wuya ka ga wanda namijin bai san ma ana sonsa ba har shafin ƙarshe, kuma ba a mai da shi mugu ba.

Matsala kam akwai. Ƙa'idar rubutu sai a hankali, ana haɗe kalmomi ana raba wasu, wani wurin sai ka koma baya kafin ka gane wa ke magana. Sannan akwai babi guda cur na nasihar goggo kan tarbiyyar 'ya mace, ba wai ƙarya ta faɗa ba amma ya tsayar da labarin cak, ni dai tsallakewa na yi. Takardar ma siririya ce, rubutun baya na leƙowa.

Iyaye masu fargaba, babu batsa ko kaɗan, 'yar sakandare za ta iya karantawa. Kuma littafi ɗaya ne ba a ja shi na ɗaya na biyu na uku don a tatse mu ba. Ki sayi na takarda a kasuwar Rimi ko Sabon Gari, dan Allah a daina turo na sata a guruf ɗin WhatsApp.