Yaya, Ga Amsar Tambayarka Kan Marsandin Nan Mai Naɗe Rufi

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara gaba ɗaya. Ya zafin Birnin Kebbi? Na san yanzu bazara ta kama gadan-gadan. Mu nan Bremen sai yanzu sanyi ya fara sakinmu, itatuwa suna toho.

Na ga hotunan Marsandin da aka yi maka tallarta, SL 500 ta 2003, na kuma saurari saƙon muryar dillalin har sau biyu. Ya ce tunda kamfani ya daina ƙera mai rufin ƙarfe, ka saya ka ajiye, nan gaba Turawa da kansu za su biyo ta da kuɗi. Ban so in amsa maka a waya cikin gaggawa ba, domin kuɗin da ake magana gumin shinkafarka ne na shekaru. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Motar nan a garin da nake aka ƙera ta. Masana'antar Marsandi ta Bremen ce ke haɗa SL, ita ce kuma ta haɗa ƙanwarta SLK. A garejin da nake aiki, shekara shida ke nan, ba a mako biyu a lokacin zafi ba a kawo mana ɗaya ba. Kuma wallahi Yaya ina son motar. Ranar da na fara ganin an danna maɓalli, but ya buɗe ta baya, rufi ya karye biyu ya shige ciki, murfi ya rufe kansa cikin daƙiƙa 16, tsayawa na yi da sifana a hannu kamar yaron da aka kai kallon kamun kifi a Argungu. Don haka kada ka ɗauka kushe ne zan yi mata.

Dillali ya yi gaskiya a wuri ɗaya: an daina yayinsu. Marsandi ce ta farfaɗo da wannan rufi a 1996 da SLK, sauran kamfanoni suka bi sahu, Peugeot da 206 CC, Lexus da SC 430, Volkswagen da Eos, Volvo da C70, BMW da Z4 ta 2009. Sai kuma suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. SC 430 ta tsaya a 2010, C70 a 2013, SLK da aka sauya wa suna zuwa SLC ta tsaya a 2020. Sabuwar SL da aka nuna a 2021 ta koma rufin ƙyalle, Ferrari ma da ta fito da Roma Spider a 2023 ƙyalle ta sa. Dalili kuwa a fili yake. Rufin ƙarfe yana da nauyi, yana cinye but, yana da tsadar ƙerawa, ga shi rufin ƙyallen yanzu ninki-ninki ake yinsa, yana tare sanyi da ƙara. Uwa-uba masu kuɗi sun koma sayen jif.

Amma daina ƙera abu daban, tashin farashinsa daban. SLK ta farko an ƙera fiye da dubu 300. Irin wadda aka yi maka talla, wadda ta fara fitowa a 2001, ita ma ta haura dubu 150. Suna nan birjik a kasuwar motocin hannu, har ta kai ana samun tsohuwar SLK a kuɗin da bai kai na sabon babur mai kyau na nan ba. Waɗanda masu tara motoci ke rububi su ne masu ƙarancin adadi, ko masu babban inji kamar SL 55 AMG idan ba ta sha tafiya ba. A cikin dangin taka duka, wadda ta fi daraja ita ce SL 65 AMG Black Series ta 2008, guda 350 kacal aka yi, kuma ita rufinta ma ba ya naɗewa, a kafe yake. Ka ga ke nan ba rufin ake biya ba.

A farkon shekara na je baje kolin tsofaffin motoci da ake yi a nan Bremen. Na ga SL ɗin da suke kira Pagoda, ta tsakanin 1963 da 1971, da wadda ta biyo bayanta har 1989. Tsohuwar zuma ke nan. Amma da na leƙa cikin injinsu sai na gane sirrin: ƙarfe ne da waya kaɗan, bakanike mai haƙuri zai iya riƙe su shekara ɗari. Taka kuwa kwamfuta ce ke ba rufi umarni, ita ke ba birki, ita ke ɗaga shokozoba da man haidurolik. Rufin kaɗai silinda 11 ke motsa shi, da famfo a cikin but, da ƙananan makunnai da ke gaya wa kwamfuta inda kowane sashe ya kai. Ɗaya ya yi gardama, komai ya tsaya. Batir ma biyu gare ta. Robar da ke cikin silindojin kuwa ba ruwanta da ko an hau ko ba a hau ba, shekaru ne ke cinta.

Bara wani dattijo ya kawo mana wata mai irin wannan rufi, wadda ya saya a hannun wani dillali bayan ta yi shekaru a ajiye. Ya danna maɓalli a farfajiyarmu, rufi ya tashi ya kai rabi ya cije, yana tsaye a sama kamar buɗaɗɗen bakin kada. Sai ga mai yana ɗiga daga saman gilashin gaba, ɗis, ɗis, a kan farar rigarsa da fatar kujera. Ga hadari ya haɗo. Mu uku muka sassauta famfon, muka tallabi rufin da hannu, a hankali kamar masu ɗaukar mara lafiya, har muka kwantar da shi. Mutumin bai ce uffan ba, yana ta shafa ƙofar motar da tafin hannu. Na ji tausayinsa ƙwarai. Maigidana ya ce da shi, idan ɗaya ta fara yoyo sauran suna kan hanya, domin rana ɗaya aka haife su. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa, sai dai shi ba a gaya masa rariya ba ce.

Abin da nake so ka fahimta, Yaya, shi ne yadda ake riƙon irin wannan mota a nan. Yawancin masu ita ba da ita suke zuwa aiki ba. Akwai lamba ta musamman da ake yanka, za ka ga an rubuta 04 a sama da 10 a ƙasa, wato daga Afrilu zuwa Oktoba kaɗai za ta hau titi, haraji da inshora ma na watannin kawai za a biya. Sauran wata biyar tana cikin gareji a lulluɓe, an jona batir da caja, saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana jawo tsatsa. Duk shekara biyu dole a kai ta gwajin lafiya, a ɗaga ta sama a duba ƙarƙashinta, in ta faɗi ba za a liƙa mata tambari ba. Kowane juyen mai ana buga hatimi a ɗan littafinta. Ranar sayarwa, mai saye zai fi daɗewa a kan wannan littafi da tarin rasit fiye da kan fentin motar. In ta cika shekara 30 kuma tana nan yadda aka ƙera ta, ana ba ta lamba mai harafin H, harajinta ya koma kusan Yuro 192 a shekara komai girman injin. SLK ta 1996 shekararta ta kaiwa wannan matsayi ita ce 2026, taka sai 2033. Wannan tsari duka shi ne ke riƙe da farashin. Motar da ta fita daga cikinsa, ta yi shekaru babu hatimi ko ɗaya, ba Baturen da zai biya kuɗin jirgin ruwa da na kwastan ya dawo da ita alhali ga ɗaruruwa a maƙwabtansa.

Ba wai komai na nan ya fi namu ba. Kuɗin aikin bakanike a nan awa-awa ake lissafawa, awa ɗaya ta haura Yuro 100 a mafi yawan wurare, kuma da yawa ba sa gyara, canzawa kawai suke yi. Bakanikenmu na gida zai kwance abu ya gano ciwonsa ya tada shi da kuɗi kaɗan, kuma ina alfahari da cewa a can na koyi hannu. Sai dai kayan gyara a nan in ka yi oda da safe, sau da yawa kafin la'asar an kawo. Kai kuwa famfon rufi ko na shokozoba sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, a samo na hannu wanda shi ma ya tsufa, da canjin da kake gani yanzu. Na'urar da ke karanta kwamfutarta kuma sai ka nemi mai ita.

Sannan ga ƙasar kanta. Rufin an yi shi ne don mutanen da ke marmarin rana, su da ke wata da watanni ba su gan ta sosai ba. Mu da ma'aunin zafi ke wuce 40 a Afrilu, wa zai buɗe kansa a titin Ahmadu Bello da azahar? Ranar nan tamu tana busar da robar gefen rufi, ƙurar hunturu ta shiga gaɓoɓin ƙarfen ta haɗu da giris ta zama kamar yashi, damina ta zo ruwa ya sami hanya zuwa but, inda kayan lantarki suke. Cikinta kuma a ƙasa yake sosai. Ka tuna ramukan da muka sha tsakanin Koko da Yawuri, da hanyar gonarka ta fadama. Ga injin V8 mai lita 5, a zamanin da aka cire tallafin mai tun 2023.

To za su yi daraja nan gaba? A ganina kaɗan daga cikinsu za su yi. Masu rauni za su ƙare a wurin 'yan gwangwan saboda gyara ya fi kuɗinsu, waɗanda suka tsira da cikakkun takardu su ragu, yaran da suka taso suna sha'awarsu su girma su yi kuɗi. Idan motocin lantarki suka ƙara yawa, za a sami masu kewar rurin injin. Amma wanda ya riƙe ta shekara goma, in ya haɗa abin da ya kashe, da wuya ya ga riba ko a nan.

In don jari ne, ban goyi baya ba, Yaya. Gara ka ƙara injin ban-ruwa ko ka sayi fili a hanyar Kalgo. In kuwa zuciyarka ce ta kwanta da ita, kana so ka fita da ita bayan la'asar a watan Nuwamba ko ranar Sallah, wannan na fahimta, kuma zan taimaka da kayan gyara daga nan. Sai dai kada a yi cinikin biri a sama. Ka je da kanka da safe kafin a tada ta. Ka sa a buɗe rufi a rufe sau uku a jere, ka ɗauko mini bidiyo da sautinsa. Ka shafa yatsa a saman gilashin gaba ta ciki ka ga ko akwai maiƙo, ka ɗaga shimfiɗar but ka shinshina ko akwai warin danshi, ka lura ko ta kwana ta karkace gefe ɗaya. Ka turo mini lambar jikinta mai harufa da alƙaluma 17, da hoton duk fitilar da ta kama a gaban direba.

Kada ka ba da kafin alƙalami sai mun yi magana. Zan kira ka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in sha Allahu. A gaishe mini da Inna, a ce mata maganin ƙafarta yana hannun wanda zai taho ƙarshen wata.

Ƙaninka, daga Bremen.