Faifan Illmatic na dala 26: bashin da na ɗauko tun daga Kaduna

Wata Asabar na sauke fasinja a Brooklyn, ruwa ya tsuge, na faka tasi na ruga cikin wani shagon tsofaffin faya-fayai don in fake. Da ruwan ya tsagaita sai ga ni na fito da faifan garmaho na Illmatic, kundin farko na mawaƙin gambara Nas, a hammata, dala 26 ta bar aljihuna. Na hannu ne, kuma ba bugun farko ba, irin wanda aka sake bugawa daga baya ne. Da na isa gida a Bronx, uwargida ta leƙa ledar ta ce, "Malam, waƙar da ke cikin wayarka ita ce ka je ka sayo a faranti?" Ban ce mata komai ba, don ba ta yi ƙarya ba. Ni dai na san bashi na biya.

A 1996 na fara jin wannan kundi, ina aji biyar a sakandare a Kaduna. Akwai wani mai ɗaukar kaset a kasuwa, ka kai masa sabon kaset marar komai, ka ba shi 'yan nairori, gobe ka dawo ka karɓa. Ya sa mini shi a TDK mai minti 90, ya rubuta NAS da jan biro a jiki. Kundin gaba ɗaya bai cika minti 40 ba, don haka ya shige gefe guda har da saura, ɗaya gefen kuma ya cika mini da waƙoƙin da ban tambaya ba. Mu a aji Nasiru muke ce masa da wasa. Ashe ba mu yi nisa da gaskiya ba, sunansa na yanka Nasir bin Olu Dara Jones. Ko sisin kwabo na kuɗin nan bai kai hannun Nasiru ba. Na ji kaset ɗin har zare ya tsinke, na liƙe da man farce na yayata, na ci gaba da ji.

Abin da na sani daga baya shi ne ba mu kaɗai ba ne ɓarayin. A New York ɗin ma kwafin sata ya riga na gaskiya shiga titi, kafin kamfanin Columbia ya fitar da shi ranar 19 ga Afrilu, 1994. Nas yaro ne ɗan shekara 20 wanda duk garin ke jira tun 1991, lokacin da ya yi baiti ɗaya tak a wata waƙar ƙungiyar Main Source, mutane suka riƙa tambaya wane ne wancan. A 1992 ya fitar da waƙar Halftime a cikin waƙoƙin wani fim, mawaƙi MC Serch ya tsaya masa, wata jami'ar kamfanin, Faith Newman, ta sa masa hannu a Columbia. Jira ya yi tsawo, 'yan kwafi suka cike giɓin.

Garmahon da na sa faifan ba nawa ba ne, na ɗana ne. Shekararsa 17, a nan aka haife shi, kuma yaran yanzu sun dawo da yayin faifai, ko da yake rabin abin ado ne a wurinsu. Na ce ya aro mini. Ya kawo falo, ya daidaita allura, ya zauna yana kallona kamar mai jiran a nuna masa wani abin tarihi.

Abu na farko da faifan ya ba ni wanda kaset bai ba ni ba shi ne bangon. A waya hoton bai fi tambarin wasiƙa ba. A nan kuwa faɗinsa inci 12, kana ganin fuskar yaro ɗan kimanin shekara bakwai, shi Nas ɗin kansa, an ɗora ta a kan hoton layin unguwarsu, gine-ginen suna ratsa goshinsa da kumatunsa. Na san gine-ginen nan. Queensbridge kenan, rukunin gidajen gwamnati mafi girma a Amurka, gini 96 masu hawa shida-shida, gidaje sama da 3,000, an buɗe shi a 1939 a gindin gadar Queensboro. Ba na iya ƙirga sau nawa na sauke mutane a 21st Street ko Vernon Boulevard da tsakar dare. In ka tsaya a can, Manhattan na tsallaken ruwa tana ƙyalli kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma wata duniya ce daban. Lokacin da yaron ke rubuta waƙoƙin nan garin ya fi yanzu zafi nesa ba kusa ba. A 1990 kaɗai an kashe mutum fiye da 2,200 a New York, ƙwayar crack ta cinye unguwanni. A watan Mayun 1992 aka harbe amininsa Ill Will har lahira a cikin unguwar, aka raunata Jungle, ƙanin Nas, a wannan daren. Duk wanda ya san wannan zai ji kundin da wani kunne.

Waƙa goma ce, ta farkon ma ba waƙa ba ce, shimfiɗa ce: ƙarar jirgin ƙasa a kan gada, gutsuren wani tsohon fim, samari suna hira. Sai N.Y. State of Mind ta shigo da fiyanon nan mai duhu da furodusa DJ Premier ya tsinto daga faifan jazz na Joe Chambers. Kafin baitin farko ana jin Nas yana gunaguni cewa bai san ta inda zai fara ba, sai kawai ya fara, kuma Premier ya sha faɗa cewa a ɗauka ɗaya ya zubo baitin. A kaset ɗina na Kaduna wannan gunagunin ya nutse cikin shuuu na zare, shekaru ban san yana wurin ba. A faifan kuwa ras nake jinsa, kuma ƙasan kiɗan yana da nauyin da lasifikar waya ba ta iya ɗauka.

A nan ne nake so in daɗe, don nan ne kuɗina ya fita. Malaminmu na Hausa ya koya mana amsa-amo iri biyu a rubutacciyar waƙa, na waje da ke rufe baiti da na ciki da ke tafiya a ɗango. Mafi yawan gambarar da muke ji a lokacin ta ƙarshen layi ce kawai, ka san inda za ta faɗo tun kafin ta faɗo. Shi wannan yaro yana cusa amsa-amo a tsakiyar layi, biyu, uku, wani lokaci gaɓa uku-uku suna amsa juna, ya tsallake ƙarshen ɗango ya ɗaure a tsakiyar na gaba, amma numfashinsa bai taɓa nuna wahala ba. Ko Turancin ba ka ji, kunnenka zai gane saƙa ake yi. Mu ma da farko ba jin Turancin muke ba, na Queens daban ne da na littafin aji. Mukan rubuta kalmomin a bayan littafin lissafi, rabinsu ba daidai ba, mu haddace su a haka. Sai da na zauna a garin nan shekaru kafin na gane wasu layukan da na riƙe tun ina saurayi, na yi ta yi wa kaina dariya a cikin mota.

Waƙa ta uku ba zan rubuta sunanta ba, akwai kunya. Ita ce kaɗai wani baƙo ya yi baiti a cikinta, AZ ɗan Brooklyn, wanda kafin nan ba wanda ya san shi, kuma gaskiya ya yi kafaɗa da kafaɗa da mai gida. A ƙarshenta akwai busar ƙaho mai sanyi da ke tafiya har ta ɓace. Mahaifin Nas ne, Olu Dara, makaɗin jazz haifaffen Mississippi. Uba yana busa a bayan ɗansa da ke waƙar cewa bai yi zaton zai kai shekara ashirin ba. Ina yaro busar ce kawai a wurina. Yanzu da nake zaune da nawa ɗan a gefe, sai na ji wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro.

Sai The World Is Yours, da fiyanon Ahmad Jamal da Pete Rock ya yanko, shi kuma ya rera amshin da kansa. Sai Halftime. Sai allura ta kai ƙarshe, falo ya yi tsit.

Wallahi na kusa shekara talatin ban lura ba. Waƙar da ake kira Halftime, wato hutun rabin lokaci, ita ce ke rufe gefen farko. Dole ka tashi, ka juya faifai, ka sake sa allura. Mai kaset ɗina ya haɗe komai a gefe guda, wayar ma haka take yi, don haka wannan hutu bai taɓa zuwa kunnena ba. A bugun asali ma gefen biyu sunayen ɓangarorin unguwar aka ba su, na Arewa da na Kudu, ba A da B ba. Ƙaramin abu ne, amma shi ya nuna mini cewa an zauna an tsara abin, ba tara waƙoƙi aka yi ba.

A gefe na biyu aka cuce ni, ko in ce na cuci kaina. Mai shagon mutumin kirki ne, yana da garmaho a kan kanta da abin sawa a kunne, ya ce in gwada kafin in biya. Ina sauri, mota na waje, na ji minti biyu na gefen farko na ce ya yi. Ashe akwai ƙarzuwa a kan One Love, siririya kamar gashi, allura na bi ta kanta tana ƙas, ƙas, kusan rabin baiti. Kuma a ce a kan wannan waƙar. Ita ce wasiƙu zuwa ga abokai da ke kurkuku, yana ba su labarin unguwa: wa ya haihu, wa aka harbe, wace ce ta daina zuwa ziyara, a kan wani kiɗa mai taushi da Q-Tip ya haɗa, mai kama da ƙarar ƙananan ƙarafa ana taɓa su da yatsa. Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar wani yana jiran labarin gida zai gane ta. Na koma shagon bayan kwana biyu, ya nuna mini takardar da ke manne a ƙofa cewa na hannu ba a mayarwa. Ya dai wanke mini shi da injinsa kyauta, ƙarar ta ragu, ba ta tafi ba. Wanda zai sayi na hannu ya ɗaga shi a hasken fitila, ya karkata shi, ya duba gefe biyun.

Ba komai ne ya yi mini ba a kundin. One Time 4 Your Mind a wurina hutawa ce kawai, kiɗan yana jan ƙafa, kuma ko a kaset nakan danna gaba. Zagi ya yi yawa, da zancen tabar wiwi da bindiga, ba abin da zan sa ba ne in ƙananan suna falo ko surukata ta zo. Mata kuwa kusan ba su da murya a ciki sai a matsayin uwa mai kuka ko budurwar da ta ci amana. Memory Lane da Represent suna gyara zama, sannan It Ain't Hard to Tell ta rufe da gutsuren Human Nature na Michael Jackson da Large Professor ya sarrafa, ita ce ma ta fi kusa da abin da rediyo ke so.

Da aka gama ɗana ya ce, "Baba, shi kenan? Ai ba wadda za a yi rawa da ita." Na ce masa kasuwa ma haka ta ce a 1994. Mujallar The Source ta ba shi makirfo biyar, cikakken maki da ba kasafai take bayarwa ba, masu sharhi suka yi ta yabo, amma a jadawalin Billboard lamba 12 ya fara, da kwafi wajen dubu 60 a makon farko. Watanni biyar kafin nan kundin farko na Snoop Dogg ya sayar da sama da dubu 800 a mako guda. Sai a Janairun 1996 Illmatic ya kai rabin miliyan, miliyan ɗaya kuwa sai a ƙarshen 2001. Shi kansa Nas ya ji a jikinsa, kundinsa na biyu a 1996 ya sassauta, ya nemi rediyo, ya hau lamba ɗaya, tsofaffin masoya suka yi ta ƙorafi, kuma tun daga nan duk abin da ya fitar da wannan na farkon ake auna shi. Akwai kuma abin da ya bari a sana'ar wanda ban tabbata alheri ne zalla ba. Kafin shi yawanci furodusa ɗaya ko ƙungiya ɗaya ke riƙe kundi daga farko har ƙarshe. Shi ya tara manyan furodusoshi huɗu da L.E.S. ɗan unguwarsu, abin ya zauna kamar hannu ɗaya ya yi. Waɗanda suka kwaikwaya suka riƙa tara sunaye goma sha, kundi ya koma kamar kasuwar ƙauye, kowa da nasa kiɗan. A 2021 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa Illmatic cikin rajistar sautukan da ƙasa ke adanawa, a shekarar da Nas ya ci Grammy ɗinsa na farko, da wani kundin daban.

Wanda ba shi da garmaho kada ya sayi garmaho saboda wannan, ya ji a waya da abin kunne mai kyau, ya dakata minti ɗaya bayan waƙa ta biyar. Wanda yake da shi ya ƙara 'yan daloli ya sayi sabo a leda, ya huta da ƙas-ƙas. Nawa dai yana nan da tabonsa. Shekaranjiya na dawo aiki wajen ƙarfe ɗaya na dare, na tarar babu shi a kan shiryayye inda na jingine shi. Ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin yaron nake jiyo busar Olu Dara, an rage murya don kada uwarsa ta farka.