Sharhi Kan Haɗin Ɓawon Itace Da Na Farfaɗo Da Furen Okid Da Shi

Furen okid nau'in Phalaenopsis, wanda asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne irin na Filifin da Indunusiya, ba a cikin ƙasa yake tsiro ba. Yana maƙale wa rassan bishiyoyi ne kamar yadda kauci ke yi, sai dai shi ba ya tsotsar komai daga jikin bishiyar, domin saiwoyinsa daga iska da ruwan sama suke samun abin da suke buƙata. Wannan ne ya sa na sayi haɗin ɓawon itace da gawayi, tare da tukunyar roba mai ramuka wadda ake ganin cikinta, lokacin da aka ba ni wani okid da aka yi watsi da shi a ofis har ganyensa suka yamutse.

Da na fitar da shi daga tsohuwar tukunyarsa, na tarar an cusa saiwoyin cikin gansakuka mai riƙe ruwa, kuma mafi yawansu sun ruɓe sun zama baƙaƙe. Mutane kan ɗauka yamutsewar ganye alama ce ta ƙishirwa, su ƙara ruwa, alhali shukar ta rasa saiwar da za ta sha ruwan da ita. Na yanke ruɓaɓɓun da almakashin da na goge da sifirit, na bar masu tauri kaɗai, na jiƙa ɓawon cikin ruwa ya kwana, sannan na dasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tukunyar. Lafiyayyar saiwar okid takan yi kore shar idan ta sha ruwa, ta koma launin azurfa idan ta bushe, saboda haka mutum yana gani da idonsa lokacin da ya kamata ya yi ban-ruwa, ba sai ya yi ƙiyasi ba. Shi kuma ɓawon yana barin ruwa ya zuba nan take, iska ta ratsa tsakanin saiwoyin. Na ajiye shukar kusa da taga mai fuskantar gabas inda rana ba ta dukanta kai tsaye, ina kiyaye kada ruwa ya taru a tsakiyar ganye domin nan ne ruɓa ke farawa, ina kuma ba ta taki mai lamba 20-20-20, wato wanda manyan sinadaransa uku suke daidai wa daida, da na tsarma sosai. Bayan wasu watanni sababbin saiwoyi suka fito, sannan sabon ganye, ko da yake tsofaffin ganyen ba su koma santsi kamar da ba.

Inda haɗin ya gaza shi ne lokacin hunturu. Gutsattsarin ɓawon manya ne, kuma busasshiyar iskar arewa tana shanye damshinsu da sauri, don haka sai da na cakuɗa ɗan gansakuka a ciki kafin ya daidaita, abin da takardar bayanin da ke jikin ledar haɗin ba ta ambata ba. Kuma ba abin da za a saya sau ɗaya a manta ba ne, tunda ɓawon yana ruɓewa kuma dole a sauya shi bayan shekara 1 zuwa 2. Duk da haka, a wurina ya cancanci kuɗinsa, musamman ga mai son ceto okid da saiwoyinsa suka fara lalacewa.