Littafin turkar raguna: a kai maɗaba'a ko a sayar ta waya?

Malam, ka ce ka gama rubuta littafi mai shafi 80 a kan turkar raguna, kana zaune a ƙauye a ƙasar Gumel, kuɗin hannunka kuma ba su taka kara sun karya ba. Tambayarka ita ce ko ka buga shi a takarda, ko ka mayar da shi PDF ka riƙa turawa ta waya. Allah ya sanya albarka. Ni dai takarda nake goyon baya, amma ba don ta fi ta kowace fuska ba.

A wajen tsada, PDF ya yi wa takarda fintinkau. Da zarar an buga rubutun a kwamfuta an tsara shafuka, kashe kuɗi ya ƙare, ko mutum ɗaya ya saya ko dubu. Takarda kuwa daga waje ake shigo da mafi yawanta, farashinta na bin dala, shi ya sa kuɗin da mai maɗaba'a ya yanka maka a wannan watan ba lallai ya kai wata mai zuwa ba. Bugun ma iri biyu ne. Akwai na babban inji, wanda sai an yi faleti, wato farantin ƙarfe da ake ɗora hoton shafuka a kai kafin a buga, kuma kuɗin faletin ɗaya ne ko kwafi 100 za ka buga ko 1,000, don haka ba ya sauƙi sai da yawa. Akwai kuma na injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta: kowane kwafi ya fi tsada, amma za a yi maka 50 ba gardama. Ka ci sa'a da shafi 80, domin babban inji yakan ɗauki shafuka 16 a lokaci guda, naka sun tashi biyar cif. Da 83 ne, da ka biya kuɗin farar takardar da ba komai a kanta.

To amma wa zai karanta? Nan ne lissafin ke juyawa. Mai buƙatar littafinka ita ce matar da ta ɗaure rago biyu a bayan ɗaki da kuɗin adashi, da saurayin da ya sayar da riɗi yana neman inda zai juya jarin. Da yawansu ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa, wadda ba ta buɗe PDF. Mai babbar waya ma sai ya kai caji shago, kuma jadawalin da ka yi na awon dusa da harawa da ƙaiƙayi, in ya shiga fuskar waya sai an yi ta ja ana matsewa kafin a ga layi ɗaya. Littafin sana'a ba labarin soyayya ba ne da ake karantawa sau ɗaya a wuce. Ana komawa gare shi ne ranar da rago ya ƙi cin abinci, a tsaye a bakin turke, hannu duk dusa. Na takarda yana jure wannan, kuma ko maigida bai iya boko ba, yaron da ke firamare zai karanta masa.

Sai maganar sata. PDF ɗin da ka tura wa mutum ɗaya da safe, kafin magariba ya zaga wayoyi da yawa, kuma mai turawar ba ya jin ya yi laifi, gani yake taimako ya yi. Akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, akwai hukumar da ke kula da ita, amma ba za ka kai ƙarar ɗan ƙanwarka ba. Na takarda ma ana iya yi masa fotokwafi, sai dai kuɗin shafi 80 ya kusa kuɗin littafin, don haka ba kowa zai wahalar da kansa ba.

Inda PDF ya sake yin gaba shi ne karɓar kuɗi. Sai an turo ta OPay ko Moniepoint kafin ka tura, ko ka ɗora shi a Selar, wani shafin sayar da kaya a intanet, ya riƙa karɓa yana miƙawa da kansa. Masu shagunan littattafai na birnin Kano kuwa al'adarsu bashi ce, sai an sayar a biya ka, kuma kuɗin motar zuwa karɓa daga Gumel zai iya cinye ribar. Ni ba zan fara da su ba. Masu zuwa wurinsu littattafan makaranta da na addini da na hikaya suke nema. Naka masu sayen suna kara: Maigatari ranar Alhamis, Gujungu ranar Lahadi, Wudil ranar Juma'a. Ka ajiye kwafi goma-goma a shagon maganin dabbobi da wajen mai sayar da dusa, ka ware musu nasu kason a kan kowane kwafi, ka rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Lokaci ma yana da muhimmanci. Littafin ya kasance a kasuwa tun Sha'aban ko farkon azumi, sa'ad da ake sayen ragunan da za a turke don layya. In ya fito a Zulhajji, sai baɗi.

Amazon, babban shagon intanet na ƙasar waje, ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Mai turkar rago a Gumel ba can yake sayayya ba. Bikin ƙaddamarwa ma kada ka gina lissafinka a kansa. Alƙawarin da ake yi a lasifika daban, abin da ke shiga aljihu daban, ga hayar kujeru da lemo.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka tun ta 1970 ta ce mai buga littafi na ƙashin kansa ya ajiye kwafi uku a can. Na takarda da na PDF kowanne da lambarsa.

Don haka ga abin da zan yi in ni ne. In fara da kwafi 50 ko 100 na bugun kai tsaye, in mayar da waya wurin talla: babi ɗaya kyauta, da saƙon murya na minti biyu a kan yadda ake gane ragon da zai yi ƙiba, domin murya tana kai wa inda rubutu ba ya kai wa. In kwafin sun ƙare, kuɗinsu da gyare-gyaren da masu kiwo suka kawo su ne jarin babban bugu. PDF ya biyo baya, ga 'yan birni da mazauna nesa.

Kafin komai, ka ba malamin dabbobi ya duba duk inda ka ambaci magani da adadinsa. Ranar da ka je maɗaba'a kuma, ka sa a fitar maka da kwafin gwaji ka karanta da idonka. In kwamfutarsu ba ta da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ za su fito 'yan akwatuna ko su ɓace, kuma in an riga an yi faleti, kai za ka biya na biyu.