Supernatural zango na 2 kashi na 20: aljanin shirme ne amma Dean ya gama dani

Tun farko bari in faɗa, duk wanda bai kalli wannan kashin ba kuma baya son a ɓata mishi labari to ya tsaya daga nan, dan ni komai zan zazzage ba ruwana.

Kashi na 20 ne a zango na biyu na Supernatural, tashar CW ta Amurka ta haska shi ranar 3 ga Mayun 2007, sunanshi What Is and What Should Never Be. Raelle Tucker ce ta rubuta, shi kuma Eric Kripke wanda ya ƙirƙiro shirin tun 2005 shi ya bada umarni da kanshi, kuma wannan ne karon farko da ya hau kujerar darakta a shirin nashi. Wlh kana kallo kasan mai abu ne ya riƙe abunshi.

Ga wanda bai san kan labarin ba, Dean da Sam Winchester wa da ƙani ne, a 1983 wani shaiɗani mai rawayan ido ya kashe mamansu Mary a gidansu na Lawrence a jihar Kansas, lokacin Dean nada shekara 4 shi kuma Sam jariri ɗan wata 6, daga nan babansu John ya tattara su ya shiga duniya dasu suna farautar dodanni da fatalwa, basu da gida sai ɗakin hotal da baƙar motar nan Chevrolet Impala ƴar 1967. Budurwar Sam wato Jessica ita ma irin mutuwar maman tayi tun a kashin farko, sannan a farkon zango na biyu uban ya bada ranshi dan Dean ya rayu. To kaga mutumin da ake magana a kai, tun farkon zangon yake yawo da wannan nauyin a ƙirji yana ɓoyewa da barkwanci da cin abinci.

Sai gashi yana bin sawun wani aljani a Illinois shi kaɗai, Sam na ce mai a waya ka dawo ka ɗauke ni mu tafi tare, shi kuma da taurin kan nan nashi yace a'a leƙawa kawai zaiyi. Ya shiga wani tsohon sito, aljanin ya shaƙe shi ya dafa mishi goshi da hannu mai shuɗiyar wuta, kawai sai ya farka a kan gado kusa da wata mata da bai taɓa gani ba.

Bari in fara sauke abun da ke cina kafin in zo yabo. Aljanin nan shirme ne. Wani ƙato ne mai sanƙo jikinshi duk zane, idonshi na walƙiyar shuɗi, kaman ɗan daban da ya kwana a shagon masu zanen jiki, wai aikinshi ya rataye mutane a kango ya soka musu allura a wuya yana tatsar jininsu cikin leda irin ta asibiti yana sha. Kuma wai maganinshi wuƙar azurfa da aka tsoma a jinin ɗan rago. Haba dan Allah. A cikin kashin har sun ambaci cewa akwai zancen aljanu a Alƙur'ani, to tunda kun san haka ai sai ku ɗan buɗe ku duba, an halicce su ne daga harshen wuta, suna ganinmu bama ganinsu, cikinsu akwai muminai akwai kafirai, ga sura guda sukutum da sunansu ta 72. Su kuma sai suka ɗauko zancen biyan buƙata irin na tatsuniyar fitila suka haɗa da shan jini suka liƙa mishi sunan. Ni dai tuni na ajiye shi a matsayin wani dodo da suka ƙirƙira dan labarinsu, in ba haka ba haushi bazai barka ka kalla ba. Ko maganar kirki bai yi ba a duk kashin, a matsayin babban mugun labari kam sifili na bashi.

Amma fa da alama suma sun san ba shi bane abun kallon, dan duka duka fitowarshi bata taka kara ta karya ba.

Abun kallon shine duniyar da Dean ya farka a ciki. Farko ma kalar hoton ce ta canza, wanda ya saba da zangon farko da na biyu yasan yanda komai yake dishi dishi kaman kullum hadari ne a garin, nan kuwa sai ga rana tarwai ga ciyawa kore shar, kafin a faɗa maka komai idonka ya riga ya gaya maka wani abu ba daidai ba. Matar nan sunanta Carmen, nas ce, wai budurwarshi. Ya kira Sam yana mishi zancen aljani, Sam ya ɗauka buguwa yayi. Yana cikin dube dube a falon ya ci karo da wani hoto, hoton ya suɓuce daga hannunshi gilashin ya fashe, bai ko tsaya ba ya fita da gudu cikin daren nan sai tsohon gidansu.

Mary ta buɗe ƙofa.

Kai jama'a. Jensen Ackles, mai fitowa a Dean, a wajen nan bai yi wani ihu ko faɗuwa ƙasa ba, tsayawa kawai yayi yana kallonta bakinshi na rawa, kuma saboda mafarauci ne bai yarda nan take ba sai da ya gwada ta, ya tambayeta me take faɗa mishi in zata kwantar dashi yana yaro, ta bashi amsa daidai, sannan ya rungumeta kaman zai ɓalla ta. Ita kuwa baiwar Allah tambayarshi take ko ya sha wani abu ne, dan a wajenta ba wani abun mamaki, ɗanta ne kawai ya faɗo mata gida tsakar dare. Da ta shafa fuskarshi zata tafi kwanciya ka duba yanda ya kwantar da kumatunshi cikin tafin hannunta ya lumshe ido, ƙaton mutum mai kashe dodanni ya koma ɗan shekara 4. Samantha Smith mai fitowa a Mary ma ta iya, bata cika shi da yawa ba, uwa ce kawai mai jin bacci.

Sai wajen yankan ciyawa, wanda ni a ganina yafi wajen kukan ma taɓa zuciya. Da safe ya leƙa taga yace shi zai yanke ciyawar ƙofar gida, maman tana mamaki har tana cewa kaman bai taɓa yi ba. Ya ɗauko injin yana turawa a karkace, a bayyane yake bai iya ba, yana washe baki yana ɗagawa maƙwabci hannu, shi kuma maƙwabcin na mishi kallon anya lafiya. Aikin da yaran unguwa ke gudu shi ne burin wani. Dariya zakayi amma dariyar bata kaiwa ciki.

Inda marubuciyar ta burge ni shine bata yi duniyar ta zama aljanna ba. Da wani ne zai rubuta sai ya bawa Dean komai, kuɗi da gida da kowa na sonshi, sai kuma muce to ai ƙarya ce a fili. Nan kuwa uban dai ya mutu, sai dai cikin baccinshi ya tafi ba shaiɗani ba komai, har Dean na cewa madalla maman na kallonshi. Jessica na raye, Sam na karatun lauya, a wajen cin abincin zagayowar ranar haihuwar maman suka nuna zoben baiko. Komai yayi. Amma shi da Sam basa shiri sam. Da suka dawo gida Sam ya ja shi gefe yake tambayarshi wai tun yaushe ya fara kiranshi Sammy, su da basa magana sai lokacin hutu, ya tuna mishi ya taɓa sace mishi katin ATM, bai zo bikin gama makarantarshi ba, har budurwa ya taɓa ƙwace mishi. Wato farautar nan da ta cinye musu rayuwa ita ce ta haɗa su, cire ta sai ya zama ba abun da ya haɗa su sai uwa ɗaya uba ɗaya.

Kuma in ka zauna ka yi tunani abun yafi haka ciwo, dan daga baya mun gane duk a cikin kan Dean ake wannan fim ɗin, aljanin ba duniya ya canza ba, dafi ne ya sa mishi ya barshi yana mafarki yana shan jininshi. Ke nan ƙwaƙwalwar Dean ce da kanta ta zana shi a haka, ɗan gareji mashayi wanda ke mance ranar haihuwar uwarshi, wanda in yace ana binshi bashin caca ƙaninshi bazai yi mamaki ba. Ko a mafarkinshi bai iya ganin kanshi a mutumin kirki ba in ba da bindiga a hannu ba. Shi kuma Sam ya bashi karatu da mata da mutunci. Wannan kaɗai ya isa ya fahimtar da kai abun da zai aikata a kashi biyun da suka biyo baya, wanda bazan faɗa ba tunda ba shi nake bita ba.

Sannan ga yarinyar nan mai farar riga da yake ta hangowa tana ɓacewa, farko tsaf da ita, daga baya duk ta yi dauɗa da jini. Wannan dai irin tsoratarwar da aka saba ce, ba laifi. Abun da ya karya shi shine labaran talabijin, ana tunawa da jirgin saman da ya faɗi shekarar da ta wuce, jirgin da shi da Sam suka ceta a zangon farko. Ya buɗe kwamfuta yana bincike, yaran da suka ceta, yarinyar da aka tsamo daga ruwan wanka na hotal, duk sun mutu tunda ba mafarauta a gidan Winchester. Daga nan sai maƙabarta, ya tsaya kan kabarin babanshi yana tambayar dutse me yasa dole sai shi, me yasa su ne kullum zasu sadaukar, mamanshi bata cancanci ta rayu bane, Sam bai cancanci yayi aure bane. Ba wanda ya amsa mishi, ya share hawaye ya juya dan ya riga yasan amsar da tsohon zai bashi. Na sha ganin ana cewa Jared Padalecki mai fitowa a Sam da Jensen wa yafi, ni dai bayan wannan wajen na rufe muhawarar a raina, duk da shima Jared yayi ƙoƙari wajen fitowa a Sam ɗin da bai san komai ba, yanda yake zare ido da ya ga robar jinin rago a mota, Dean kuma ya fizge wayarshi ya wurgar ta taga, nayi dariya sosai. Haka wajen da Dean ya shiga satar wuƙar azurfa a gidan maman da dare Sam ya fito da sanda, maimaicin haɗuwarsu ta kashin farko ce, sai dai wannan karon cikin daƙiƙa ɗaya aka kai Sam ƙasa.

Ƙarshen ne na rabu biyu a kai. Da ya gane mafarki ne sai ya yanke cewa in mutum ya zo mutuwa a mafarki farkawa yake, dan haka zai cakawa kanshi wuƙa. Sai ga su duka sun fito, maman da Carmen da Jessica da Sam, suna lallashinshi ya zauna, ai a waje kwana kaɗan ne zai mutu amma a nan zai ji kaman shekaru ne, cikakkiyar rayuwa, ba tsoro ba ciwo. Basu ƙaryata cewa mafarki bane fa, cewa suke eh mafarki ne amma yafi abun da kake dashi. Wannan rubutu ne mai kyau. Amma hanyar fitar, mutum ya soke kanshi, bata kwanta min ba, naso ace sun nemo wata dabarar. Kuma bayan ya farka faɗan da aljanin minti nawa ne, Sam ya kwance Dean, ƴar kokawa, Dean ya soke aljanin ta baya, shike nan. Yarinyar ta rayu an kaita asibiti.

A ɗakin hotal Dean na duba mujalla sai ga Carmen a tallar giya, ashe can ƙwaƙwalwarshi ta samo ta. Ya faɗawa Sam gaskiya cewa yaso ya zauna, sosai ma. Sam yace mishi ai mutane da yawa suna raye saboda shi, wahalar ba a banza take ba. Lafazin dai daidai ne amma ka kalli fuskar Dean, bai saya ba, ni ma ban saya ba, kuma naji daɗi da darakta bai tilasta mishi yin murmushi ba.

Shawara, kar ka tsallako kai tsaye ka kalli wannan dan kaji ana yabo, rabin daɗinshi yana ga wanda ya san jirgin nan da Jessica da mutuwar John, a ƙalla ka kalli zangon farko da farkon na biyu. Ba na kallo da yara bane, akwai giya, ga Carmen da suke zaune ba aure, ga gawarwaki a rataye. Sannan shirin yana da tsawo, zango 15 kashi 327 har zuwa Nuwamban 2020, kuma daga zango na 4 suka shigo da mala'iku, can gaba ma suka taɓo abun da ya wuce haka wanda ni ban ga dalilinshi ba, kowa yasan inda zai ja burki. Sun sake dawo da aljanun a farkon zango na 6 da kuma cikin na 8, zanen jikin dai na nan, shirmen ma na nan.

Maki na 9 cikin 10, ɗayan da na cire na aljanin ne.