Na'urar awon matsin ido ta iCare a lokacin annoba: inda ta yi rana da inda take ba da wahala

Awon matsin ido shi ne aikin da ya fi tayar wa ma'aikatan asibitin ido hankali da korona ta shigo a 2020, domin dole wani abu ya taɓa ido ko ya hura masa iska. Tsoron kuwa yana da dalili. Li Wenliang, ɗaya daga cikin likitocin Wuhan ta ƙasar Sin da suka fara jan hankali kan cutar, wanda ya rasu a Fabrairun 2020, likitan ido ne. Mai hawan jinin ido kuma ba a ce masa ya zauna gida sai annoba ta wuce, don abin da cutar ta cinye na gani ba ya dawowa.

iCare ƙirar ƙasar Finland ce, a hannu ake riƙe ta, samfurin ic100 yana aiki da batir AA guda 4. Ana saka mata ɗan siririn tsinke mai kan roba, a jingina madogarinta a goshin majiyyaci, a bar tazarar milimita 4 zuwa 8 tsakanin tsinken da tsakiyar baƙin ido. Tsinken ya taɓa ido ya dawo sau 6, na'urar ta watsar da awo mafi sama da mafi ƙasa, ta fitar da matsakaici. Ba a ɗiga maganin kashe zafi, ba a sa rinin ido, ko yara ba su cika yin gardama ba.

Babbar fa'idarta ita ce tsinken na mutum ɗaya ne, an gama a jefa shi a kwandon sharar asibiti. Ita kuwa na'urar Goldmann da aka saba awon matsin ido da ita, kanta da ke taɓa ido sai an jiƙa shi minti 5 zuwa 10 a ruwan bilic mai ƙarfin 0.5 cikin ɗari (idan bilic ɗin mai 3.5 ne, awo 1 a ruwa awo 6), a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe. Ranar da layi ya yi tsawo, nan ake yanke hanya a goge da auduga da sifirit kawai, alhali sifirit ba abin dogaro ba ne wajen kashe ƙwayar adenobairos mai sa jan ido ya zagaye asibiti. Idan kuma ba a ɗauraye bilic da kyau ba, ya ƙone gaban ido. Ita ma na'ura mai hura iska asibitoci da dama sun jingine ta a lokacin, don gudun ta fesa hawaye cikin iskar ɗaki.

Ta fuskar zuwan majiyyata ma ta taimaka. Mutane sun ƙaurace wa asibiti ne saboda tsoron cunkoso da zaman jira a rufaffen ɗaki. Da wannan na'ura nas za ta iya auna masu hawan jinin ido a baranda ko ƙarƙashin rumfa, ido biyu cikin kamar minti ɗaya, wanda awonsa ya yi kyau ya karɓi maganinsa ya tafi, sai mai matsala kaɗai ya shiga wurin likita.

Matsalar tana wurin tsinken. Daga waje ake kawo shi, farashinsa na bin dala, kuma idan an rufe iyakoki ya yi wuyar samu. Da zarar ya fara ƙarewa sai a shiga goge shi ana maimaitawa. An yi haka, to an zubar da dalilin sayen na'urar gaba ɗaya, ga shi siririn ƙarfen yana lanƙwashewa ya riƙa ba da awon banza. Duk asibitin da ba zai iya sa kuɗin tsinke cikin kasafinsa na kowane wata ba, gara ya tsaya kan Goldmann ya kyautata wankinta.

Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce: tana taruwa a bututun da tsinken ke gudu a ciki, na'urar ta yi ta nuna kuskure. A ajiye ta cikin akwatinta, a kuma tanadi bututun canji. Madogarin goshi shi ake yawan mantawa, alhali yana taɓa fatar kowa, don haka a goge shi da sifirit mai 70 cikin ɗari bayan kowane mutum. Mai awo yana kusa da fuskar majiyyaci, shi ya sa a lokacin annobar takunkumi ya zama wajibi ga su biyun.

Game da ingancin awo, idan matsin ido yana tsakanin 10 zuwa 21 a ma'aunin mmHg, awonta yana tafiya kusa da na Goldmann. Idan gaban ido mai kauri ne takan ƙara lamba, kuma a matsi mai yawa bambancin yana faɗaɗa, saboda haka kada a canja wa mutum magani ko a yanke masa tiyata kan awonta kaɗai sai an tabbatar da Goldmann. Samfurin ic100 sai majiyyaci yana zaune ko tsaye. Mai son auna wanda ke kwance sai ya nemi ic200.